Ƙafar Saje

"Baba, mota tana shan mai fa!" in ji direban tasi, yana tsaye a bakin ɗakin maƙwabcinsa, tsohon Saje.

Saje ko kallonsa bai yi ba. Yana zaune a bakin gado yana goge tsofaffin takalman sojansa, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma, warinta ya cika ɗakin. Likita ya riga ya faɗa ƙarara: ko a yanke ta, ko ta tafi da shi. 'Yarsa ta yi kuka har ta gaji, ta koma gefe ta yi tagumi.

"Ɗana, ni sojan ƙasa ne," in ji tsohon. "Bataliyarmu ba ta je yaƙi a mota ba. Da ƙafa muka tsallaka kogi, da ƙafa muka dawo, mu da muka dawo."

"Haba Baba, an rushe bataliyar nan tun ina goye!"

"A wajensu."

Direba ya ji kamar ya ɗauke shi cak ya cusa a mota, sai asibiti. Ya san labarin kamar yunwar cikinsa. Kowace yamma a fagen daga, Saje kan jera yaransa su cire takalma, ya duba tsakanin yatsunsu kafin kowa ya taɓa abinci. Wanda ƙafarsa ta ruɓe, sai a bar shi a baya. Wata rana sun bar wasu a wata makaranta, da suka dawo ba su tarar da mai numfashi ba.

"To ai kai ne mai duba ƙafa," direba ya ce cikin zafi. "Duba taka mana! Da yaronka ne, me za ka ce?"

Saje ya daɗe yana kallon tsumman.

"Sai in ce a bar shi a baya. Je ka kashe motarka."

Direba ya fice yana huci. Wanda ya yi nisa ai ba ya jin kira. Amma kullum da safe sai ya sake kawo motar, ya sake komawa da takaici.

Wata safiya, 'yar ce ta tare shi a bakin ƙofa, ta girgiza kai kawai. A bayanta, an lulluɓe tsohon har kai, ga takalman nan biyu a jere suna ƙyalli, har na hagun. Motar tana ta ruri a waje, bai tuna ya kashe ta ba.