Bana Ladi Ba Ta Tuƙa Tuwon Sallah Ba

Ladi ta kife babbar tukunyar a bayan ɗaki, ta ɗora mata turmi, ta karkaɗe hannu. Jajibirin ƙaramar Sallah ne, duk Unguwar Gano sai ƙamshin miyar taushe, amma ita ta rantse bana ba za ta tuƙa tuwon rabo ba. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zuwa Idi ba. Duk shekara tana gaban murhu, hayaƙi na cin idonta, tana cika kwanukan maƙwabta, kabbara kuwa sai dai ta jiyo daga nesa. Abin ya daɗe yana ci mata rai.

Mijinta Murtala, mai sayar da tayoyi a Gyaɗi-Gyaɗi, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce mutane za su ce ya karye. Ta ce su faɗa, bakinsu ne.

Da safe ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta bara, ta hau adaidaita sahu sai filin Idi. Liman na tayar da kabbara sai ga hawaye shar a idonta, don daɗi. Ta yi sallarta a natse, ta zauna har aka gama huɗuba.

Tana dawowa ta tarar da tsakar gida cike da kwanuka. Ashe da maƙwabta suka ga gidan ba hayaƙi, sai suka yanke cewa kasuwa ta juya wa Murtala baya. Hajiya Binta ta aiko da waina, Nafisa da funkaso, har Ijeamaka mai shagon bakin titi, wadda ba Sallarta ba ce, ta aiko da dafa-duka. Bawan Allah Murtala yana zaune a tabarma, kunya ta hana shi cire hula.

"Kin ga abin da kika jawo mana?" in ji shi. "To, kwanon mutane dai ba ya komawa haka. Sai ki hura wuta."

Ladi ko kallon murhun ba ta yi ba. Ta tsuguna, ta ɗebi rabi daga kowane kwano ta ajiye wa gida. Sannan ta juye wainar Hajiya a kwanon Ijeamaka, funkason Nafisa a na Hajiya, dafa-dukar Ijeamaka a na Nafisa. Ta rurrufe, ta ce a kai musu da barka da Sallah.

Murtala ya riƙe baki, ya tambaye ta in suka haɗu suka gane fa.

"Su gane mana, Malam," in ji Ladi, tana gutsurar waina. "Sai su san baɗi ma haka za a yi."