Dangi Sun Wadatar

Shuhada na matse tsumma a bokiti wani sabon ayarin 'yan dubiya ya shigo ɗakin mata, kowa da kular abincinsa. Kakarta Nagoggo kuwa, da ciwon ƙoda ya kwantar a wannan asibiti na Nguru, ko kunu sai an lallaɓa take haɗiyewa. Tun ranar da aka ba su gado Shuhada ce a kan tabarmar jinya, saboda ita ce budurwa, kuma a ganin gidansu karatun jami'a ba aiki ba ne.

Yau da la'asar za ta kare kundin digirinta a Gashuwa, in ta rasa yau kuma sai baɗi. A sashen manufofin gwamnati take, kundin nata kuma a kan kula da tsofaffi ne. Ta cika shi maƙil da hujjar cewa a arewacin Yobe gwamnati ba ta buƙatar ɗaukar masu jinyar tsofaffi, dangi sun wadatar. Lokacin da take rubutawa har zuciyarta ta yarda. Nagoggo na nan garau a lokacin, tana faɗa da awakin maƙwabta.

Ta fara da ƙanwar babanta. "Gwaggo Rabi, don Allah ki zauna da ita zuwa magariba. In na gama zan juyo."

"Ni? Haba 'yar nan, yau ake kamu a Dapchi, ni ce uwar biki. Mota ma jirana take."

Hafiza, matar yayanta, tun kafin a zo kanta ta gyara mayafi. "Wallahi yayanki cewa ya yi in leƙa in dawo."

Kawu Wakili, yayan babanta, na bakin ƙofa, don maza ba sa zama a ɗakin mata, dokar da bai taɓa yin ƙorafi a kanta ba. Yana yi wa wata nas bayanin cewa su asalinsu Haɗejawa ne, ba sa yar da tsohonsu. Da Shuhada ta durƙusa ta faɗa masa damuwarta, sai ya ce, "Buga wa malamin naku ki ce kakarki ce. Shi ba shi da uwa ne?"

Ta buga wa Dakta Uwais, mai duba aikinta. Ya yi mata jaje sosai, sannan ya ce, "Farfesan da zai jarraba ku daga nesa ya zo, gobe zai koma. Ke kaɗai ce a gidan naku?"

Kafin azahar ɗakin ya watse, aka bar ta da kuloli. Takaici ya kama ta har hawaye suka zubo.

A gadon kusa akwai Rahima, mai sayar da bandar kifi daga Dagona, tana jinyar uwar mijinta. Duk abin nan a kunnenta aka yi. "'Yar makaranta, tashi ki tafi," in ji ta. "Mai wanke tsohuwa ɗaya, biyu ba za su kashe ta ba."

Nagoggo ta buɗe ido ta dubi matar da kyau. "Shuhada, wannan 'yar wa ce a cikinmu?"

Shuhada ta gyara mata zane, ta ɗauki jaka ta nufi tasha.

Motar ta tsaya a Jajimaji aka loda buhunan gero, Shuhada na ta duban rana. Da ƙyar ta iso kafin a kira sunanta. Ta tsaya gaban malamai da warin asibiti a hijabinta, ta yi bayani tiryan-tiryan, ko gargada babu.

Farfesan ya cire tabarau. "Aiki ya yi kyau. Amma bari in tambaye ki a sauƙaƙe. A gidanku, wa ke kula da tsofaffi?"

Saura kaɗan ta faɗi gaskiya. Sai dai gaskiyar nan za ta rushe kundin tun daga babin farko, a ce ta je ta sake, ta kuma san a kan wace tabarma za ta sake shi.

"Dukanmu, ranka ya daɗe."

"Madalla!" Ya juya wajen sauran malaman. "Kun ji ko? Abin da Turawa suka rasa ke nan." Dakta Uwais har da tafi. Ita kuwa kunya ce ta rufe ta, ba murna ba.

Tana fitowa ta kunna waya, kiran Kawu Wakili ya shigo.

"Kina ina? Na dawo na tarar da bare na ba uwarmu ruwa a baki! Kin zubar mana da mutunci a garin nan. Rabi sai da ta juyo daga hanya, yayanki ya rufe shago, Hafiza ma ga ta nan. Tun ɗazu muke zaune a gindin darbejiya a kan maganarki."

"Duk kuna asibitin, Kawu?"

"Ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu."

"To yanzu wa ke wajenta?"



"Matar nan mana. Mu muna waje, ke muke jira."