Hatsin da Ya Riƙa Riga Ni Isa

Ina da wani ɗan hali: ba na zuwa wuri ban aika an faɗa ba. Ina son in tarar an yi shara, an shimfiɗa tabarma.

Bayan samun mulkin kai na dawo daga Ingila da digirin tattalin arziki da furfura, jami'a ta ɗauke ni koyarwa. Bincikena ɗaya ne tak: yawan hatsin da manomi ke ajiyewa daga kaka zuwa kaka. Na zaɓi ƙauyukan da ke tsakanin garinmu Tambuwal da Kebbe. Duk gidan da zan shiga, an sani tun jiya. In hau tsani in leƙa rumbu, dammunan gero har baki. Na rubuta cewa yankin na da rara, a rage gero a ƙara auduga. Aka buga, aka tafa mini. Da shi nake cin tuwo har yau.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Na je Kebbe gaida Goggo Atu, ƙanwar mahaifina, ban samu ɗan aike ba. Na tarar tana tsince ganyen tafasa, rumbunta wayam.

"Goggo, ina ajiyar da na gani nan?"

"Ta ranar da ka zo da tsani? Ta Sambo ta, maƙwabcinmu."

"To wadda na gani gidan Sambo washegari fa?"

"Ita ɗai ta, Giɗaɗo. Da ka fita munka maishe mai, munka ƙara da ɗan namu." Ba ta ko ɗago kai ba. "Ɗanmu ya taho tun daga Turai ganin rumbu, mu bari ya leƙa ya ga ƙasa? Har garin Sanyinna haka anka yi. Jakkai dai sun ji jiki da karatunka."

Na wuce ofishin da ke rabon hatsin agaji, don a sa Kebbe a ciki. Jami'in tsohon ɗalibina ne, har ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, Kebbe ba ta ciki," in ji shi. "Bincike ya nuna suna da rara."

"Binciken nawa ne, kuma ba daidai ba ne."

Ya yi murmushi. "Malam ke nan, sarkin tawali'u. Ai da shi muka ci jarrabawa."

Na yi bayanin jakuna da tsani. Ya saurara cikin ladabi, ya sa aka kawo mini shayi.

Ranar Litinin motocin hatsin suka ratsa Tambuwal. Ba su tsaya ba, balle su nufi Kebbe.