Mai Riƙon Rijiyar Hajja Kaltumi

"Shi ma goge shi," in ji Hajja Kaltumi.

Madam Hélène ta ja layi a kan suna na huɗu, ta cire tabarau ta murza ido. Shekararta ashirin tana aikin noter a Garwa, tana rubuta wa mutane wasiyya ta buga hatimi, amma ba ta taɓa ganin tsohuwar da ta zo da hantsi ta kai azahar tana tankaɗe danginta ɗaya bayan ɗaya ba.

Duk a kan rijiya ne. Marigayi mijin Hajja, Alhaji Shu'aibu mai goro, shi ya haƙa ta a ƙofar gidansu da ke unguwar Poumpoumré, kuma duk ranar da famfo ya ɗauke, nan matan unguwa suke jera bokitai. To, makon jiya jiri ya kayar da Hajja a kasuwa. Da ta farfaɗo a ɗakinta, abin da ta fara hangowa ta taga shi ne ɗanta Taufiƙ, wanda ya taho daga Duwala a gigice wai duba ta, yana auna filin rijiyar da taku, wani mai tumbi na biye da shi yana zancen gidan mai. Nan take Hajja ta warke.

Liman ya ce mata tana iya fitar da rijiyar waƙafi, muddin ba ta haura sulusin abin da za ta bari ba. Madam Hélène kuwa ta ce takarda ba ta gadin rijiya, sai an rubuta sunan wani mai rai da zai riƙe amanar. A nan gizo ke saƙa.

Taufiƙ dai ba a ma maganarsa. 'Yarta Nafisatu, kirki ya yi mata yawa, in yayanta ya matse hawaye har guga za ta miƙa masa. Ƙanin Hajja, Adoum, ya taɓa aron tukunyar biki ya dawo da murfi. Liman kuma mutumin Allah ne, amma bai iya ce wa mai babbar riga a'a ba.

"Hajja," in ji Madam Hélène cikin lallashi, "ko mu bar batun amanar nan? A raba gado yadda aka saba, kowa ya huta."

"In kwanta a kabari ina shaƙar fetur?"

"To ki daina neman wanda kike so. Wa kika sani da ba a taɓa kayar da shi a gardama ba?"

Fuskar Hajja ta yamutse kamar ta tauna maɗaci. Ta ɗauki jakarta.

"Kada ki rufe ofis," ta ce.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Suzanne, tsohuwar malamar firamare 'yar garin Kaélé, amma rabon Hajja da tsallaka ƙofar nan shekara talatin da ɗaya. Sun yi faɗa kan reshen mangwaro, sun yi kan akuya, sun yi kan ruwan wanki, kuma ko sau ɗaya Hajja ba ta ci ba. Suzanne ɗin ce ta zauna a kan kujera a tsakiyar titi kwana uku har ma'aikata suka karkatar da kwata daga ƙofarta.

Ta iske ta a saman tsani, tana kwashe kuɓewar da ta shanya a kan kwano.

"Salamu alaikum."

Suzanne ta leƙo ƙasa, ta ƙare mata kallo. "Au, an ce kin mutu a kasuwa."

"Ban samu lokaci ba. Magana ce ta kawo ni."

"In akuya ce, na sayar da ita tun zamanin da kike da haƙora."

Hajja ta haɗiye wannan, da ƙyar. Tana tsaye cikin rana, kanta a ɗage, ta zayyana komai cikin Fillanci, harshen da suka saba zagin juna da shi: rijiya, Taufiƙ, mai tumbi, takardar Madam Hélène. Suzanne ba ta daina tattara kuɓewa ba.

"Duk danginki, sai ni? Ni ko masallacinku ba na shiga."

"Ba limanci na ce ki yi ba. Zama za ki yi a bakin rijiya ki hana, abin da kika fi iyawa."

"Wato kin yarda ni ke da gaskiya a kan mangwaron."

"Ban ce ba."

"To nemi wata."

Hajja ta tuna layin bokitai, ta tuna takun Taufiƙ. Ta kalli ƙasa, ta yi magana can cikin mayafi.

"Ban ji ba," in ji Suzanne.

"Na ce reshen naki ne!"

Suzanne ta yi dariya har tsanin ya girgiza. "Na karɓa. Ɗanki ya zo da mai tumbinsa, zan ba su kujera su zauna su tsufa. Amma Hajja, ke da kika iya lissafin mutane, kin manta abu ɗaya. Na girme ki da shekara shida. In na riga ki fa?"

Hajja ta yi tunanin mutuwar kowa a unguwar nan, har da tata, amma bai taɓa zo mata a rai cewa Suzanne irin masu mutuwa ce ba. Sai yanzu ta lura da siraran ƙafafun da ke kan matakala ta bakwai, da silifas ɗin da ya tsinke aka ɗaure da waya, da ƙafar tsanin guda da ke lilo a kan dutse.

"Sauko," ta ce.

"A gidana za ki ba ni umarni?"

"Na ce sauko! Tsohuwa da ke, me kike nema a saman kwano?"

"Sai na gama."

Hajja Kaltumi ta yar da jakarta a ƙasa, ta kama tsanin da hannu biyu, ta tokare shi da ƙafa. Haka ta tsaya, ɓawon kuɓewa na zubo mata a ka, har Suzanne ta gama, ba tare da ta yi sauri ko kaɗan ba.