Gemun Direba

"Buɗe hannun nan, Baba!"

Ina shiga na tarar 'yar ta riƙe wuyan hannun ubanta, shi kuma ya damƙe ɗan gishiri kamar wanda aka kama da kayan sata. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe tafin, ta bi da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya lasa.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohon direban bas ne mai murya kamar ham ɗin motarsa, har ranar da ya durƙushe a bakin famfo yana cewa an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun cushe. Ya hana shi gishiri da maiƙo da taba, ya kuma ce ya riƙa ɗan taka ƙafa, ya riƙa ganin mutane. Babbar 'yarsa, wadda na laƙaba wa Sajan, hanin kawai kunnenta ya ɗauka. Ta mayar da shi ɗakin baya, ta kwashe takalmansa, ta ɗauke rediyo wai labarai na tayar da hankali. In ya yi dariya sai ta leƙo ta ce, "A hankali, Baba."

Ran nan ta ja ni bakin ƙofa ta sassauta murya.

"Iya, kin ji mai aski ya rasu jiya?"

Wai ni ake tambaya ko na ji. Ni da na ji tun kafin matarsa ta gama ihun farko.

"To wallahi in Baba ya ji daga bakinki, ni da ke ne. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ki ce masa tafiya ya yi."

Mai askin nan amininsa ne tun suna samari. Ba wanda ya taɓa kai aska fuskar Direba sai shi. Direba na kiransa Mahauci saboda yankan da yake masa a haɓa, shi kuma yana kiran Direba Ba-Birki. Ni kuwa su biyun Gidan Rediyo suke ce mini, marasa kunya.

Na ce masa tafiya ya yi. Ya yarda. Ya sa aka ajiye kujera kusa da taga, ya ninke tawul a kai, ya jingina ɗan madubi. Sajan ta kawo wani mai askin, ya kore shi da butar ruwa. Gemu ya tofo fari fat, ya cinye kumatu, ya gangaro ƙirji. Mutum ya koma kamar tsohon bunsuru da aka manta da shi a turke. Abincin da ba gishiri ya daina taɓawa, magana ma ya daina.

Sajan da kanta ta zo har gida. "Iya, ki ɗan riƙa kawo masa gaisuwar mutumin. Ki ce ya dawo amma ƙafa ta hana shi fitowa."

Na kai gaisuwa. "Yana gaishe ka, yana yi maka fatan sauƙi." Direba ya dube ni sheƙeƙe.

"Mahauci ne ya faɗi haka? Ƙarya kike. Tun da nake bai taɓa gaishe ni ba."

Na ga ana neman a zubar mini da mutuncin sana'a. Washegari na gyara zama na ce, "Ya ce wai har yanzu ba ka mutu ba? Wai ka tsaya a hanya kamar bas ɗinka, kana jira a tura ka."

Sai ga Direba ya miƙe zaune. Ido ya kawo haske.

"Ɗan banza! Ki ce masa bas ɗina bai taɓa yanke kunnen kowa ba!"

Ranar ya cinye abincinsa tas. Daga nan na samu aikin yi. Kullum da hantsi sai na shiga, ya ce, "Gidan Rediyo, me ya ce yau?" Ni kuwa in zuba. Na sa mamaci ya ce gemunsa ya isa share kasuwa. Na sa ya ce 'yarsa ta ɗaure shi da igiyar zane. Kumatu suka ciko, Sajan tana ta gaya wa mutane ai tsarinta ne ke aiki.

Sai dai zagi kamar gishirin ne, kullum sai ka ƙara kafin a ji. Wata rana na ce, "Ya ce ƙafarsa ta warke, yana shago. Zuwa ne ba zai yi ba. Wai shi ba ya aske wanda ya kusa mutuwa."

Bai yi dariya ba. Ya lalubo ƙwayar maganin da yake sawa a ƙarƙashin harshe, ya tsotsa har ta narke.

"Shi ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

Kwana biyu bayan nan, Sajan ta tafi karɓo magani. Ina zaune a ƙofar gida ina tsince wake sai ga Direba ya fito sanye da silifas ɗin banɗaki, tawul a kafaɗa. Za ku ce me ya sa ban tare shi ba. Ni Sajan ce? Na ajiye faranti na bi shi daga nesa.

Yana tafiya yana dafa katanga. A gindin turken wuta ya tsaya yana murza hannun hagu, ya huta, ya ci gaba. Shagon yana ƙarshen layi. Da ya isa ya tarar an yi masa shuɗin fenti, an rataye cajoji inda babban madubi yake a da. Wani mai gyaran waya na ciki ya sunkuya a kan aikinsa.

"Ina mai askin?"

Mutumin ko ɗagowa bai yi ba. "Tsohon nan? Ai ya daɗe da mutuwa, Baba. Caji za ka yi?"

Direba ya tsaya. Ya dubi ƙusar da ake rataye fatar wasa aska, tana nan ba a cire ba. Ya juyo. Na maƙale bayan wata mota, ya wuce ni yana huci kamar tayar da ta sace.

Washegari na so in ƙi shiga, amma in ban ga fuskarsa ba ai abinci ba zai wuce mini ba. Na same shi a kujerar nan ta bakin taga, ya taje gemu, leɓɓansa sun yi toka-toka. Ya daɗe yana kallona, har na fara gyara ɗankwali ba dalili.

"Gidan Rediyo," ya ce, "me ya ce yau?"

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa neman magana na rasa ba sai ranar. Sajan ta leƙo da cokalin magani, tana yi mini ido wai in ce wani abu.

"Bai... bai ce komai ba."

"Haka ne," in ji shi. "Ya daɗe bai ce komai ba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma sannu da ƙoƙari."

Ta ji daɗi, har da murmushi.

Kafin rana ta karkata ya cika, a zaune, ba ko tari. Masu zuwa gaisuwa suka cika gida, Sajan tana kuka tana ba su labari. "Likita ma ya yi mamakin daɗewarsa. Ko sau ɗaya ban bari ransa ya ɓaci ba." Mata suna ta gyaɗa kai suna sa mata albarka. Ni ma na gyaɗa nawa.

Da aka rasa wurin zama, aka aike ni ɗakin baya in ɗauko kujera. Tawul ɗin na nan a ninke. An kifa madubin a kan taga, silifas ɗin banɗaki na ƙarƙashin gado da ƙurar titi a jikinsu. Na tura su ciki da ƙafa, na fito da kujerar.