Agogon Malam Harisu a Hannun Kafinta

"Ɗaura shi mana, Kabo. Sai kallona kake kamar na aike ka sata," in ji Malam Harisu.

Kabo kafinta ya juya agogon a tafin hannunsa. Sabo ne fil, amma kamarsa ɗaya da tsohon da maƙwabcinsa Malam Harisu ya yi shekaru yana auna gudun ɗalibai da shi lokacin yana malamin wasanni: ƙananan da'irori uku a fuska, maɓallai biyu a gefe. Tsohon sai an murɗa shi kullum da safe. Wannan kuwa motsin hannu ne abincinsa.

Yazid, ɗan Malam, shi ya kawo shi daga Fatakwal, kuma da dabara ya kawo. Likita ya ce uban ya riƙa tattaki. To duk Juma'a in Yazid ya kira ta bidiyo sai ya ce, "Baba, nuna mini agogo." In agogo na tafiya, tsoho na tafiya ke nan. Tsoho kuwa tun faɗuwar damina ciwo ya kwantar da shi, bai taka ko zaure ba.

"Malam, wannan fa yaudara ce."

"Sabon aiki yaron nan ya samu. In ya ji, watsarwa zai yi ya zo ya zauna gadina. Ni ina za ni?"

Zaman tare na shekara da shekaru ya fi ƙarfin Kabo, ya ɗaura. Yana jan zarto a rumfarsa ta hanyar Zango, 'yan acaɓa na tsokanarsa, "Kafinta da agogon alhazai!" Duk ranar Juma'a sai ya mayar wa mai shi, ya laɓe bayan ƙofa yana jin Yazid na murna. Abin na cin ransa ƙwarai.

Wata safiya Malam ya ce, "Danna na saman nan, mu ga cikin daƙiƙa nawa zan kai ƙofa."

Kabo ya danna, dogon hannun agogon ya zabura. Malam ya dafa katifa, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, gumi ya keto masa. Ko zama bai iya yi ba.

"Tsayar da shi," ya ce a hankali. "Kada ka faɗa mini."

Kabo na fita ya kira Yazid. "Ka taho gida, ɗana. Agogon nan a hannuna yake."

Washegari da hantsi, Yazid na wajen Zariya a kan hanya, Malam ya cika. Gawa ba ta jira, bayan azahar aka kai Malam makwancinsa. Sai bayan la'asar Yazid ya iso Daura, ya tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida.

Da mutane suka ragu, Kabo ya matso ya ajiye agogon a gabansa.

"Tun yaushe, Baba Kabo?"

"Tun kafin a yi shuka."

Yazid ya dubi geron da ya riga ya fid da kai a bayan katanga. "Da kun bar shi ya tsaya, ai da na zo."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, agogon na tsakaninsu a kan tabarma yana ta tafiya da sauran ƙarfin hannun kafinta, ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauka.