Ranar da Muka Fitar da Dutsen Baftisma

Shekarar da tafki ya cinye gonar rogon Agogo Nasiketi, wato Kaka Nasiketi a yarenmu, ita ce shekarar da aka rufe mana coci a ƙauyenmu Chimbano. Tun farkon damina ruwa yake hawa, yau ya ci itacen mangwaro, gobe ya ci rumfar shanya kifi, har ya zo yana lasar gindin bangon gabas, inda bagadi, wato teburin ibada, yake. Bangon ya tsage daga taga zuwa ƙasa, tsagar da hannun mutum ke shiga. Injiniyan da bishop ya aiko ya duba, ya ce kada kowa ya ƙara yin sujada a ciki. Limamin cocinmu, Fada Mlenga, ya sa kwaɗo a ƙofa, muka koma yin addu'a a kan tudu, ƙarƙashin bishiyoyin makaranta.

Ba wanda hankalinsa ya kwanta. Kakanninmu ne suka ƙona jan tubalin cocin nan, suka ɗaga ginshiƙansa masu lanƙwasa a sama, suka bar tagogi sirara da iskar tafki ke ratsawa. Ƙararrawarsa ta wani jirgin ruwa ce da ya nutse tun zamanin Turawa. Ƙofarsa katako ce mai nauyi, an zana kifaye a jikinta. Daga shiga, a hannun hagu, ga dutsen baftisma: baƙi, mai siffar turmi, ya kai ƙugun babban mutum. Kakan mahaifinmu, Andreya, shi ya sassaƙa shi. A cikinsa aka yi wa mahaifinmu baftisma, aka yi mini, aka yi wa ɗana Dalitso.

A cikin wannan hali matar Dalitso ta haifi 'ya mace.

Ni dai na haƙura, na ce kwanon roba ma ya isa. Amma yayana Yesaya ya ce sam. Yesaya ya yi rabin rayuwarsa a ramin zinariya a Afirka ta Kudu, ya dawo da tari da ƙafafun da ba su san zama ba. Ko tuwo yake ci, a tsaye yake ƙarasawa. Tun da aka rufe cocin, kullum sai ya zagaya shi, ya leƙa ta taga, ya dawo ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Esnath, kwanon roba? Wanda kike wanke kifi a ciki?"

"Achimwene, yayana, ku zauna mana, kuna tare mini haske."

"Jikar Andreya a kwanon roba!"

"To ku ɗauko dutsen a ka. Ai ga kan nan ba gashi, ba zai zame ba."

Da wasa na faɗa. Shi kuwa ya juya ya nufi gidan Fada, ko takalmi bai tsaya sakawa ba.

Ya yi ta sintiri tsakanin gidan Fada da bakin ruwa har Fada ya gaji da ganinsa. A ƙarshe aka ba mu safiyar Asabar guda mu kwashe abin da za mu iya. Sharaɗin Fada biyu ne: kada a yi cincirindo a ciki, kuma kada a ɗaga murya, don ko tari mai ƙarfi aka yi ƙasa na zubowa daga tsagar.

Ranar Asabar gari ya waye da hadari a ƙetaren tafki. Duk ƙauyen ya fito. Mata muka yi layi daga ƙofa, ana miƙo mana bencina, da sandunan kyandir, da mayafin bagadi, da gicciyen tagulla. Samari suka sauke ƙararrawa da igiya, sun cusa mata tsumma a baki don kada ta yi kuka. Abambo Chikoti, wato Baba Chikoti, dattijon cocinmu, ya tsaya a inuwa da tumbinsa yana ba da umarni.

"A hankali da mimbarin nan! Kai, ɗaga ta can!"

Agogo Nasiketi, wadda ta fi kowa tsufa a garin, tana zaune kan kujerar da aka kawo mata, da lema a hannu. Ta ce, "Chikoti, bakinka ya ɗauki kaya da yawa yau. Ka hutar da shi, ka ba hannu dama."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa na kallon bango.

Sai aka zo kan dutsen. Yesaya ya kawo masunta shida da gungumen da suke mirgina kwalekwale a kai, da igiyar taru. Suka farfasa simintin da ke gindinsa, suka ɗaure shi, suka ja. Ko motsi bai yi ba. Suka sake ja, shiru.

Babbansu, wani mai suna Fanuel, ya saki igiya ya share zufa. "Fada, mu fa ba ma iya ja babu waƙa. Hannu ba ya haɗuwa."

Fada ya dubi rufi, ya dubi Fanuel. "Ku yi ta da raɗa."

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙarti shida da tsoho ɗaya suna raɗa waƙar jan taru a cikin coci, waƙar da ko a bakin ruwa mata kan toshe kunne saboda batsar da ke ciki. Fada ya yi kamar bai ji ba. A amshi na uku dutsen ya yi ƙara, ya karkata, ya kwanta kan gungume.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga sun daina ja, sun zuba ido a ƙasa.

"Mene ne? Maciji?"

Sai na shiga. A inda dutsen ya tashi babu tubali, babu ƙasa. Fa ne, dutsen ƙasa na asali, kuma a tsakiyarsa an kafa wani zoben ƙarfe mai kaurin hannun yaro. Tsatsa ta cinye shi, amma gefe guda ya siranta, ya yi sulɓi, kamar inda wani abu ya daɗe yana gogawa.

Chikoti ya leƙo ya ce, "Na ɗaure jirgi ne."

Fanuel ya ce, "Wa ke ɗaure jirgi a nan? Lokacin da aka kafa wannan, ruwa na can nesa."

Agogo Nasiketi ta ce a kawo ta. Fada ya so ya hana, ta ɗaga masa lema. Ni da wata muka riƙo ta har wurin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta durƙusa da kyar ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Ashe yana nan," in ji ta. "Kakata ta ce yana nan, na ɗauka zancen tsofaffi ne."

Duk mun taso muna jin cewa a wurin nan ake tara bayi kafin a ƙetare da su tafki. Labari ne irin wanda akan ba yara su yi shiru. Ba wanda ya taɓa nuna mana wani abu ya ce ga shi.

Agogo ta ce, "A nan ake zura sarƙa. Kakata ta kwana a nan tana ƙaramar yarinya. Andreya naku ma a nan aka same shi." Ta ɗago ta dubi Yesaya. "Kana tsammanin don me ya ƙi a kai dutsensa kusa da bagadi? Turawan sun yi, sun yi, ya ce nan zai zauna."

Yesaya ya ɗauki ƙarfen da aka fasa siminti da shi, ya zura a zoben ya fara danna shi da ƙirji.

"Achimwene, me kuke yi?"

"Zan cire shi."

"Ka kai shi ina?" in ji Chikoti. "Abin da aka binne a bar shi a binne. A zuba ƙasa a rufe."

"A kai shi sabon cocin da za mu gina, kowa ya gani!" in ji Yesaya.

"Mu yi sujada muna kallon sarƙa? Kai dai da ka dawo daga rami ba ka bar mu mun huta ba."

"Kai da ba ka taɓa ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba!"

Muryoyi suka tashi, kowa ya manta da sharaɗi. Wasu na cewa a cire, wasu na cewa a bari. Sai muka ji wani sauti daga wajen bagadi, kamar an yaga sabon yadi. Wani ɓangaren shafe mai faɗin tabarma ya ɓallo daga bangon gabas ya tarwatse a ƙasa. Ƙura ta turnuƙe.

"Kowa waje!" in ji Fada. Ranar na fara jin ihunsa.

Fanuel ya sungumi Agogo kamar jaririya. Masunta suka tura dutsen kan gungume, ya gangara ta ƙofa ya ɓantare bakin dakali. Muka fito muna tari. Na duba, ba Yesaya.

Na koma. Yana nan a durƙushe cikin ƙura, yana ta kokawa da ƙarfen, hannunsa na jini. Zoben ko gezau.

"Ku tashi."

"Saura kaɗan."

"Ba saura kaɗan ba ne, kun sani. Ku tashi, ko in zauna a nan tare da ku. In bangon ya faɗo, sai Dalitso ya binne mu rana ɗaya, ya rasa wanda zai riƙe masa 'ya a wurin baftisma."

Na zauna daɓas a ƙasa kusa da shi. Ina jin ƙasa na zubo mini a ɗankwali. Ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya yar da ƙarfen, ya kama hannuna muka fita. Fada ya mayar da kwaɗo.

Hawa da dutsen kan tudu ya cinye sauran yinin. Wannan karon da murya aka yi waƙar, har mata suka shiga amshi. Ruwan sama ya same mu a rabin hanya, gungumen ya yi ta zamewa cikin laka, Chikoti da kansa ya tuɓe riga ya kama igiya. Aka ajiye dutsen ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure, a ɗan karkace, don ba wanda ke da sauran ƙarfin daidaita shi.

Washegari aka yi wa jaririyar baftisma a ciki, aka sa mata Tiyamike. Yesaya ya riƙe ta da hannu naɗe da tsumma. Ruwan ya taru gefe guda saboda karkatar, ta tsala ihu da ya taɓa goshinta, Agogo ta ce wannan za ta yi baki kamar Chikoti.

Bangon gabas ya faɗi kafin damina ta ƙare, da tsakar rana, ba kowa kusa. Rabin rufin ya bi shi. Da ƙura ta lafa muka sauka da kwanduna muna tsintar tubalin da bai fashe ba, muna kaiwa kan tudu. Ruwa ya riga ya shiga har tsakiyar cocin.

Maganar zoben kuwa ba ta mutu ba. An yi zaman ikilisiya a kanta ban san sau nawa ba, kowane zama da faɗa ake tashi. Fada ya ce zai rubuta wa bishop. Agogo ta ce ita ta gani, ya ishe ta. Yesaya ya sayar da rediyonsa, ya hau motar garin Salima ya ce zai nemo mai injin yankan dutse kafin ruwa ya rufe wurin. Ya dawo ba mai inji, sai guduma da wani dogon ƙarfe mai kaifi. Yanzu haka da nake ba ku labarin nan yana can ƙasa, ruwa har gwiwa, ina jiyo bugunsa daga nan. Tuwonsa ya huce, bari in je in kira shi.